Michael Faraday: ɗan maƙerin da ya hango ruwa a jikin ƙanƙara

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Garwa, ƙanƙara ba ta kwantai. Duk mai sayar da ita ya san cewa idan dunƙule biyu suka daɗe suna taɓa juna a cikin kula, sai su manne, sai an buga kafin su rabu. Wannan ƙaramin al'amari ya ɗauki hankalin masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday a ƙarshen rayuwarsa, kuma amsar da ya bayar sai da ta shekara fiye da ɗari kafin a tabbatar da ita.

An haifi Faraday ranar 22 ga Satumba 1791 a kudancin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne marar lafiya, gidansu kuma na talakawa. Karatunsa bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wajen George Riebau, inda ya yi shekara bakwai yana karanta littattafan da ake kawo masa ya ɗinka. A 1812 ya saurari laccocin masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution.

Daga nan ne ayyukansa suka fara fitowa. A 1823 ya matse iskar kulorin har ta zama ruwa, irin binciken da daga baya ya taimaka wajen ƙera firiji. A 1831 ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. Da wannan ƙa'ida injunan madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai suke aiki, wutar da take daskarar da ƙanƙarar kasuwannin Garwa.

A 1850 ya gabatar da bayaninsa a kan ƙanƙara. Ya ce fuskarta ba ta daskare sarai ba: akwai siririn ruwa-ruwa a kanta, ko da sanyi ya kai na daskarewa. Idan fuska biyu suka haɗu, wannan ruwan ya samu kansa tsakanin ƙanƙara da ƙanƙara, sai ya daskare ya liƙe su. James Thomson, yayan Lord Kelvin, bai yarda ba. A ganinsa matsi ne yake narkar da wurin da suka haɗu, idan matsin ya sauka ruwan ya sake daskarewa. Thomson yana da lissafi a hannu, Faraday kuwa bai ƙware a lissafi ba. Abin da ya iya shi ne gwaji: ya sa gutattsarin ƙanƙara cikin ruwa suna ɗan taɓa juna kusan ba matsi, suka manne duk da haka. Ya wallafa sakamakon a 1860, amma ba shi da na'urar da zai auna abin da ya hango, saboda haka bayanin matsi ya fi karɓuwa.

Sai a ƙarshen ƙarni na 20 na'urori masu aiki da haske da hasken X suka tabbatar da cewa wannan siririn ruwa-ruwa yana nan. Kaurinsa da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, kuma yana ƙaruwa yayin da sanyi ke kusantar digiri sifili. Har yau na'urori daban-daban suna ba da ma'auni daban-daban, masana kuma suna bibiyarsa don fahimtar santsin ƙanƙara da yadda gajimare ke tara lantarki kafin tsawa.

Faraday ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Mantuwa ta addabe shi da tsufa. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867 a Hampton Court, aka binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.