Musa ɗan Maimun, likitan Masar da ya bayyana ma'anar idi da azumin Yahudawa

Daga Tasawa har Mayahi babu wanda bai san ranar Ashura ba, goma ga watan Muharram, wadda ake yi wa cika-ciki. Malamai sun karantar da mu cewa sa'ad da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina ya tarar da Yahudawa suna azumtar wannan rana don tunawa da tsirar Annabi Musa (AS) daga hannun Fir'auna. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da Yahudawa ke nufi da sauran ranakunsu na idi da na azumi. Cikin malamansu da suka bayyana wannan, babu wanda sunansa ya kai na Musa ɗan Maimun, wanda Faransawa ke kira Maimonide. Kusan dukan rayuwarsa a ƙasashen Musulmi ya yi ta, kuma yawancin littattafansa da Larabci ya rubuta su.

An haife shi a birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus, cikin Ispaniya ta yau, wajen shekara ta 1138. Mahaifinsa alƙalin jama'ar Yahudawa ne. A 1148 rundunar Muwahhidai ta ci birnin, ta janye amanar da Yahudawa da Kirista ke zaune a ƙarƙashinta, aka ce ko mutum ya bar addininsa ko ya bar gari. Iyalin Maimun suka shiga yawo. Wajen 1160 suka sauka Fas ta Maroko, a 1165 suka ƙetare teku zuwa Akka, suka ziyarci Baitul Muƙaddas, daga nan suka zarce Masar, suka zauna a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke gefen Alƙahira.

Da farko ƙanensa Dawuda, mai fataucin duwatsu masu daraja, shi ke riƙe da gida, Musa kuwa yana karatu da rubutu. Cikin shekarun 1170 jirgin Dawuda ya nutse a kan hanyar Indiya, da shi da dukiyar gidan duka. Musa ya yi kusan shekara guda yana kwance don baƙin ciki da ciwo. Da ya tashi sai ya kama aikin likita, domin a ganinsa bai halatta malami ya ci abinci da karantar da addini ba. Sunansa ya fito har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin, daga baya kuma likitan Afdal, ɗan sarkin. An kuma naɗa shi shugaban Yahudawan Masar.

Manyan ayyukansa biyu ne. Na farko Mishne Tora, kundin shari'ar Yahudawa cikin littafi 14, da harshen Ibrananci, wanda ya ci masa shekara 10. Littafi na uku a kan ranar Asabar da ranakun idi da azumi yake. Na biyu Dalalatul Ha'irin, wato jagorar waɗanda suka ruɗe, wanda ya gama wajen 1190 saboda almajirinsa Yusufu. Larabci ne, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda mu muke rubuta Hausa da ajami. A cikinsa ne ya nemi dalilin kowace doka, domin bai yarda Allah ya ɗora wa bayinsa abin da ba shi da amfani gare su ba.

Yahudawa da wata suke lissafi kamar mu, kuma ranarsu da faɗuwar rana take somawa. Bambancin shi ne cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda har sau 7, don haka idodinsu ba su zagaya rani da damina kamar Ramadan. Kowanne yana nan a lokacinsa.

Idin Fesa shi ne na tunawa da fita daga Masar, ana cin gurasa marar yisti kwana 7. Musa ya lura da cewa da kwana ɗaya aka ce, da ba wanda zai ji a jikinsa, don mutum yakan ci abinci iri ɗaya kwana biyu ko uku ba tare da wani dalili ba. Sai abin ya ɗauki mako sannan ya zama darasi. Daga nan akan ƙidaya kwana 49 ɗaya bayan ɗaya har idin Shabu'ot, ranar saukar Attaura a dutsen Sina. Ya kwatanta wannan ƙidaya da ta mai jiran zuwan babban amininsa. Abin nufi, fita daga bauta ba ita ce iyakar tafiyar ba, karɓar shari'a ita ce manufa.

Da kaka kuma idodi sukan zo a jere. Ranar sabuwar shekara ana busa ƙahon rago, shi kuwa ya fassara busar da cewa tada masu barci ce, waɗanda hidimar duniya ta mantar da su bincikar ayyukansu. Kwana 10 na tuba su biyo, su ƙare da Yom Kifur, azumi mafi girma, daga faɗuwar rana zuwa duhun washegari, wajen awa 25 ba ci ba sha. A nan ya tsaya a kan hukuncin magabatansa: wannan rana tana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne kaɗai. Wanda ya ci dukiyar wani ko ya zage shi, azumi ba ya wanke shi sai ya mayar da haƙƙi, ya kuma je ya roƙi gafara. Ya ƙara da cewa wanda aka roƙa bai kamata ya taurare zuciya ba.

Kwana 5 bayan haka sai idin bukkoki. Mutum ya bar ɗakinsa ya koma bukka mai rufin ganye har kwana 7, daidai lokacin da amfanin gona ya shiga rumbu. Manomin Gobir ko na Katsina da ya taɓa kwana a bukkar gona yana tsaron hatsi ba ya bukatar dogon bayani. Darasin, a wurin Musa, shi ne mutum ya tuna da kwanakin wahala sa'ad da yake cikin wadata, don godiyarsa ta ƙaru, girman kansa ya ragu. Wanda aka kora daga garinsu yana ɗan shekara 10 ne ya rubuta wannan. Ya kuma yi hukunci cewa wanda ya kulle ƙofar gidansa ranar idi, ya ci ya sha da iyalinsa bai ciyar da maraya da gwauruwa da baƙo ba, wannan murnar cikinsa yake yi, ba ta ibada ba.

Akwai azumi huɗu na shekara-shekara da suka shafi faɗuwar birnin Ƙudus da rushe Ɗakin Ibada, wanda Babila ta rusa a 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa kuma suka sake rusawa a shekara ta 70. Mafi nauyinsu shi ne na 9 ga watan Ab. A ganinsa amfaninsu shi ne mutane su gane halinsu na yau bai bambanta da na kakanninsu da ya jawo masifar ba.

Inda maganarsa ta fi kusa da mu kuwa shi ne azumin masifa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, ko farar da ta sauka a 2004, sun san roƙon ruwa a bayan gari. Shari'ar Yahudawa ta tsara cewa in ruwa ya yi jinkiri a soma azumin Litinin da Alhamis da Litinin, in shiru a ƙara, har azumin gayya ya kai 13. Fara da annoba da yaƙi duk suna cikin abin da ake yi wa haka. Musa ya ce wanda ya ɗauki masifa tsautsayi ne kawai, halin duniya, ya yi rashin tausayi, don ya rufe wa jama'a ƙofar gyara. Kuma ranar irin wannan azumi ba a yini da addu'a kaɗai ba. Daga safe zuwa tsakar rana alƙalai da dattawan gari sukan zauna su bincika al'amuran garin, su nemo masu ƙwace da masu nuna ƙarfi, su tsawata musu, su raba su da zaluncin. Sai bayan haka a koma ga karatu da roƙo. Wannan sashe ya cancanci duk mai riƙe da hatimin hukuma ya karanta shi sau biyu.

Shi kansa hutu ya yi masa wuya. A wata wasiƙa ta 1199 zuwa ga Samu'ila ɗan Tibbon, wanda ke fassara Dalala zuwa Ibrananci a kudancin Faransa, ya ba da labarin yininsa: kullum da sassafe ya hau dabba zuwa fadar Alƙahira, ya dawo bayan azahar da yunwa, ya iske zaure cike da marasa lafiya, Musulmi da Yahudawa, manya da talakawa. Ya ci abinci sau ɗaya, ya duba su har dare, wani lokaci yana kwance don gajiya. Ranar Asabar kaɗai, ranar da shari'arsu ta hana aiki, yake samun zama da jama'arsa ya karantar da su.

Ya rasu a Fusɗaɗ cikin watan Disamba na 1204. Kabarinsa yana Ɗabariyya, a bakin tafkin Galili. Ibn Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci, Musulmi, ya sa shi cikin manyan likitocin zamaninsa.