Bishop Samuel Ajayi Crowther: Kowane Zamani da Nasa Aiki

Kafin a shiga wannan darasi, sai a karanta Farawa 45:1-15 da Mai-Wa'azi 3:1-11.

A cikin kowace ikilisiya akwai samari waɗanda suka ƙosa domin abin da zuciyarsu ke marmari bai zo ba tukuna. Akwai magidanta da ke ganin lokacin fara wani sabon abu ya riga ya wuce su. Akwai kuma dattawa masu baƙin ciki, gama an karɓe musu aikin da suka tsufa a kansa. Mutumin da za mu bi labarinsa yau ya ɗanɗana dukan waɗannan. Daga gare shi za mu ga cewa Allah ya kan ba bawansa aiki dabam a kowane zamani na ransa, ƙoshin zuciya kuwa yana cikin riƙe aikin da aka ba mutum a yau da aminci, ko da ba zai ga ƙarshensa ba.

Yaro a hannun masu cinikin bayi

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Oshogun, wani gari na ƙasar Yarabawa. A zamanin nan daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa. A cikin 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama Ajayi da uwarsa da 'yan'uwansa mata. Ba a jima ba aka raba su. Aka yi musayarsa da doki, aka komo da shi, aka sake sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya kai Ikko, inda Turawan Fotugal suka saye shi. Shi kansa ya ba da labari daga baya cewa tsoro ya kai shi ga ƙoƙarin kashe kansa a hanya. Yaron nan ba shi da wani buri a lokacin sai ya sake ganin uwarsa.

A watan Afrilu 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwa za a ƙetare teku da shi. Jiragen yaƙin Ingila, waɗanda ke tsaron gaɓar teku domin hana cinikin bayi, suka tare jirgin, suka kwashe bayin. Ba su mai da shi gida ba, sai suka sauke shi a Saliyo, ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, a tsakiyar mutane masu harsuna barkatai. Abin da ya roƙa bai samu ba. An ba shi 'yanci a baƙuwar ƙasa, kamar yadda aka kai Yusufu Masar ba da sonsa ba.

Saurayi mai ƙishin karatu

A Saliyo ya shiga hannun masu bishara na ƙungiyar C.M.S. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikilisiya na birnin Landan. Sa'ad da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari a littafin ɗalibai. Ya auri wata 'yantacciyar baiwa mai suna Asano, wadda aka raɗa mata Susan, suka zauna tare shekara wajen 50.

Daga nan ya yi shekaru fiye da goma yana malamin makaranta a ƙauyukan Saliyo. Wanda ya dube shi a lokacin zai ce ransa ya riga ya kama hanyar da zai bi har mutuwa. Amma cikin waɗannan shekaru na shiru ya ci gaba da karatu, ya koyi Helenanci, ya kuma saba da kasa kunne ga harsunan 'yantattun bayi da ke kewaye da shi. Samarinmu su lura da wannan. Shekarun da mutum ke gani kamar jira ne kawai, sau da yawa a cikinsu ne a ke wasa gatarin da zai yi sara da shi daga baya.

Magidanci: hanya ta buɗe

A cikin 1841, yana da shekara wajen 32, gwamnatin Ingila ta aiki jirage uku masu hayaƙi su hau kogin Kwara. Aka zaɓi Crowther ya tafi tare da J. F. Schön, wani mai bishara Bajamushe, aka kuwa sa su koyon Hausa saboda tafiyar. Wannan Schön shi ne ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Tafiyar ta ƙare da makoki, gama zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40. Amma daga wannan hasara ƙungiyar ta gane cewa bishara ba za ta shiga tsakiyar ƙasa ba sai ta hannun 'yan ƙasa. Aka kira Crowther zuwa Ingila, aka ɗora masa hannu aka naɗa shi limamin ikilisiya a 1843. A shekaran nan ne kuma aka buga littafinsa na farko na kalmomin Yarabanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend domin su kafa aiki a can. Bai daɗe da sauka ba aka kawo masa labari cewa uwarsa tana da rai a wani gari kusa. Suka sadu bayan rabuwar shekara 25. Ya fanshi 'yan'uwansa daga bauta, a 1848 kuma aka yi wa uwar baftisma da sunan Hannatu. Addu'ar yaro mai shekara 12 ta karɓu sa'ad da ya kusa 40, aka kuma ƙara masa da abin da yaron bai san zai roƙa ba.

Tun daga nan muradinsa ya zama ɗaya: mutanensa su ji Maganar Allah da harshen da suka sha a nono. Ya fara juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya kan zauna da tsofaffi da masu kiɗa da bokaye, yana sauraron karin magana, yana rubuta kalmomi, domin juyin ya fito da Yarabanci na ainihi. Mu da mu ke wannan aiki na juyi mun san nauyinsa, gama kalma guda ta kan ci mako ana nemanta. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun da ya yi shekaru yana tarawa suka ƙone. Ya sake farawa.

Bai kuwa manta da kogin ba. A 1854 ya bi Likita Baikie suka hau Kwara da Binuwai, ba wanda ya mutu a tafiyar, domin sun riƙa shan kwinin. A 1857 ya sake hawa, ya bar abokin aikinsa J. C. Taylor a Anaca, ya ci gaba zuwa arewa. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse, suka maƙale a bakin kogi fiye da shekara guda. Crowther ya mai da wannan tsaiko makaranta: ya koyi Nufanci, ya yi abuta da manyan ƙasar, daga baya ya wallafa littattafan koyon harshen.

Sabuwar nawaya yana da shekara 55

Henry Venn, magatakardan C.M.S., yana da ra'ayi cewa ikilisiyar kowace ƙasa dole ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Saboda haka ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther ya yi ta nuna rashin so, waɗansu masu bishara Turawa kuma, har da Townsend, suka ƙi zama a ƙarƙashinsa. Duk da haka ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari, ya zama baƙin mutum na fari da ya riƙe wannan matsayi a Ikilisiyar Angalikan. Cikin taron akwai Henry Leeke, shugaban jirgin yaƙin da ya ɗauke shi a 1822.

A shekarun da mutane da yawa ke tunanin hutu, shi ya ɗauki aikin da ya fi kowanne wuya. Kuɗi kaɗan ne, ma'aikata kaɗan, ba shi ma da jirgin kansa shekaru da dama, sai ya jira na 'yan kasuwa. Duk da haka aiki ya kafu a Lakwaja da Boni da Biras da waɗansu wurare. A 1867 wani sarkin bakin kogi ya kama shi ya tsare domin neman fansa, mataimakin jakadan Ingila da ya zo ceton sa kuwa kibiya ta kashe shi.

Zamansa da sarakunan Musulmi abin koyi ne a gare mu. Ya kan ziyarci Masaba, Etsu Nupe, a Bida, ya kan kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A fadar Ilori, a 1872, aka yi masa tambayoyi masu wuya game da Almasihu, ya amsa ta wurin buɗe Littafi ya nuna abin da a ke karantawa a ciki, ba zagi, ba gardama. Amincin da aka ba shi ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa da Hausa, yana roƙonsa ya sa baki a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. A 1884, Crowther yana da shekara wajen 75, aka gama dukan Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, aikin da ya shugabanta kusan shekara 40.

Tsufa da ƙoƙon baƙin ciki

Da mu ne masu tsara labarin, da a nan za mu tsaya. Amma sauran zamani guda, shi ne kuwa mafi ɗaci. Venn ya rasu a 1873, matar Crowther ta rasu a 1880. Sababbin masu bishara samari suka zo daga Ingila da zafin himma, cikinsu akwai J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, wanda shekarunsa ba su wuce 25 ba. Su ma suna da nasu buri, watau su kai bishara ƙasar Hausa. Gaskiya ne akwai laifofi a wurin waɗansu ma'aikatan kogin, tsohon kuma ya fi karkata ga jinƙai da horo. Amma samarin suka yi wa aikin duka kuɗin goro. A wani taro a Anaca, a watan Agusta 1890, aka dakatar da limamai 'yan ƙasa a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson, ba tare da yardarsa ba. Tsoho mai shekara fiye da 80 ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai rama da zagi ba, bai kuwa bar ikilisiya ba. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba na shekaran nan.

Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a cikin 1891, Brooke ya bi su a 1892. Ba ɗayansu da ya taka Kano ko Sakkwato, tsohon da samarin duka. Da sun haɗa himmar ƙuruciya da haƙurin tsufa, wa ya san abin da za a samu? Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Bayan mutuwarsa aka naɗa Bature a gurbinsa, aka yi shekara wajen 60 kafin ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis na Angalikan a Nijeriya. Amma irin da ya shuka bai ruɓe a banza ba. Masu bishara na C.M.S. suka isa Kano a 1900, aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 2014, shekara 150 bayan keɓewarsa, Babban Bishop na Kantabari ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya yi godiya saboda ransa, ya kuma furta tuba saboda wulakancin da aka yi masa.

Abin da za mu riƙe

Yaro ya so gida, aka ba shi makaranta. Malami ya zauna da ajinsa, aka kira shi zuwa kogi. Mai juyi ya so a bar shi da takardunsa, aka ɗora masa bishop. Bishop ya so ya bar ikilisiya a hannun 'yan ƙasa, aka karɓe ta a kan idonsa. A kowane mataki ya karɓi abin da ke gabansa ya yi shi da iyakar ƙarfinsa. Littafi Mai Tsarki bai yi mana alkawari za mu ga cikar dukan muradinmu ba. Musa ya hangi ƙasar alkawari daga kan dutse, bai shiga ba (Kubawar Shari'a 34). Ubangijinmu kuma ya koya mana cewa wani ke shuka, wani ke girbi, su biyu kuwa za su yi murna tare (Yohanna 4:36-38). Saboda haka saurayi kada ya rena shekarun shiri, magidanci kada ya ce ya makara, dattijo kuma kada ya auna ransa da abin da aka yi masa a ƙarshe.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya labarin Ajayi ya yi kama da na Yusufu, a ina kuma suka bambanta?
2. Me ya yi da shekarar da ya maƙale kusa da Jebba? Wane tsaiko ne ke gabanmu yanzu, me kuma za mu yi da shi?
3. Yaya samari za su gyara laifi a ikilisiya ba tare da sun kunyata dattawa ba? A duba 1 Timothawus 5:1-2.
4. Wane aiki ne mu ke yi wanda ba mu ne za mu ga amfaninsa ba?

Addu'a

A yi godiya ga Allah saboda waɗanda suka sha wahala domin mu sami Maganarsa da harshenmu. A roƙa wa samari haƙuri, magidanta ƙarfin hali, dattawa kuma ta'aziyya. A ambaci sunayen tsofaffin masu bishara na yankinmu ɗaya ɗaya, sa'an nan a shirya waɗanda za su ziyarce su cikin wannan mako.