Dokta Barau Dikko: Shugaban da Ya Ɗauki Mabiyansa Abokai

A 1949, lokacin da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna, galibin mahalarta Musulmi ne, ciki har da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Imam. Amma wanda suka zaɓa ya shugabance su Kirista ne: Dokta Russell Barau Dikko.

An haife shi a 1912, ya tashi a hannun mishan ɗin CMS na Zariya. Ya yi karatu a King's College ta Legas da Jami'ar Birmingham a Ingila, ya zama ɗan Arewa na farko da ya ƙware a likitancin zamani. Wannan daraja ba ta raba shi da malaman makaranta da akawunan da suka kafa ƙungiyar tare ba.

A 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Kasancewarsa ma'aikacin gwamnati, sai ya sauka daga kujerar, ya ci gaba da aikin lafiya. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon, ya rasu a 1977.

Linjila ta nuna Almasihu yana wanke ƙafafun almajiransa, yana kuma kiransu abokai. A wannan tarbiyya Dikko ya tashi. Yau asibitin koyarwa na Kaduna yana ɗauke da sunansa. Sai mu tambayi kanmu: a ƙungiyoyinmu na yanzu, wa zai zaɓi irinsa, kuma wa zai sauka kamar yadda ya sauka?