Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Amanar da Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, manomin Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa da ya shigo birnin Kano cin kasuwa yakan wuce wasu tsofaffin gine-ginen ƙasa bai waiwaye su ba. Shi ya sa a wannan mako za mu kawo tarihin sarkin da ya kafa su, domin a san cewa na karkara ma yana da gado a cikinsu.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano. Ya hau gado a shekarar 1463, ya yi mulki har 1499. Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa kafin ya zama sarki ya riƙe sarautar Makama, ya zauna a gidan da har yau ake kira Gidan Makama. Da ya hau mulki sai ya gina sabuwar fada, watau Gidan Rumfa, inda sarakunan Haɓe da na Fulani suka ci gaba da zama. Ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano domin shawara, ya kuma kafa kasuwar Kurmi.

Wannan kasuwa ita ce ta ɗaure birni da karkara. Shekaru aru-aru mutanen ƙauyukan arewa da birni suna shigowa ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau, jakuna ɗauke da gero da dawa da itace, su koma da taki domin gonakinsu. Ganuwar kuwa ta kewaye har da filayen noma, yadda in yaƙi ya taso mutane za su sami mafaka da abinci.

Amma babban abin da ya ɗaukaka zamaninsa shi ne zuwan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilmisan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya iso Kano wajen shekarar 1492. Sarki ya karɓe shi hannu biyu, ya kuma nemi ya karantar da shi hukuncin mulki. Malamin ya rubuta littafin Tajuddini, mai babi 8, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya hori shugaba ya kyautata niyya, ya naɗa alƙalai amintattu, ya tara dukiya ta halal ya kashe ta inda shari'a ta ce. Gargaɗin da ya fi nanatawa shi ne kada shugaba ya shige gida ya rufe ƙofa, talaka ya rasa wurin kai kuka. A wannan zamani aka sare itaciyar da ake tsafi a gindinta aka gina masallaci a wurin, aka kuma fara fita sallar Idi a Shadakoko. Mutanen unguwar Sharifai suna danganta asalinsu ga Sidi Fari, ɗan da malamin ya bari a Kano.

Ba mu ce Rumfa ba shi da aibi ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Tarihi ya ambaci yawan matan da ya tara a fada, da kayan alfarma irin su kakaki da figini, da yaƙin shekara 11 da Katsina wanda babu wanda ya ci nasara. Sai dai sarkin da ya ƙasƙantar da kai ya zauna gaban malami ya cancanci a tuna da shi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a Gidan Makama. Daga baya aka mai da shi gidan tarihi, aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makamai da hotunan sarakuna. Ganuwa kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye mafi yawanta.

Musulmi ba ya girmama gini don neman tabarraki. Yana ziyartarsa ne domin Alƙur'ani ya umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen magabata ya kasance. Saboda haka muna kira ga malaman makarantun ƙauyuka su kai ɗalibansu Gidan Makama, su kuma karanta musu nasihar al-Maghili. Hakimi da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma su ma su karanta ta, kowa ya duba ko ƙofarsa a buɗe take ga manomin da aka ƙwace wa gona.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.