Ada Lovelace: Matar da ta tsara wa kwamfuta aiki tun kafin a ƙera ta

Ni ɗan Sabon Tasha ne, mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kurmi. Yanzu in ya sayar a kara ba ya ɗauko kuɗi a jaka, alat kawai yake jira a waya. Amma da ƙanwata ta ce kwamfuta za ta karanta, sai ya ce wannan ba karatun mata ba ne. Shi ya sa na nemo tarihin wannan baiwar Allah.

An haifi Ada a Landan ranar 10 ga Disamba, 1815. Mahaifinta Lord Byron shahararren mawaƙi ne, amma tana jaririya auren iyayenta ya mutu, ya bar Ingila, bai sake ganinta ba. Uwar ce ta dage sai ta koyi lissafi. Tana shekara 13 ƙyanda ta kwantar da ita kusan shekara guda, duk da haka ba ta bar karatu ba.

A 1833 ta haɗu da Charles Babbage, masanin lissafi wanda daga baya ya zana wani inji da za a riƙa ba shi umarni da katuna masu huji, irin na injin saƙa. Ta yi aure a 1835, ta haifi 'ya'ya uku, kuma aure bai raba ta da lissafi ba.

A 1843 ta fassara bayanin injin da wani ɗan Italiya, Luigi Menabrea, ya rubuta da Faransanci. Sharhin da ta ƙara ya ninka asalin wajen sau uku. A ciki ta jera, mataki-mataki, yadda injin zai fitar da lambobin Bernoulli. Shi ne mutane da yawa suke ɗauka a matsayin shirin kwamfuta na farko da aka buga. Abin mamakin ma, ta hango cewa injin ba lissafi kaɗai zai yi ba, har kiɗa zai iya tsarawa. Injin da ba a ma ƙera ba fa!

Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 27 ga Nuwamba, 1852, tana da shekara 36. A 1980 ma'aikatar tsaron Amurka ta fito da wani harshen kwamfuta mai sunanta, Ada.

Kuma a daidai zamaninta, Nana Asma'u 'yar Shehu tana ƙasar Sakkwato tana tura jajis ƙauyuka su koyar da mata. Ashe mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka.

Na karanta wa Baba duk wannan bayan sallar Isha'i. Bai amsa ba, bai kuma hana ba. Da safe dai ya tambaye ni nawa ake sayar da fom ɗin JAMB. Ku taya mu da addu'a.