Labarin Yustinus Shahidi da Masu Zargin Ikilisiya

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambaya, lalle ka ji abin da ake faɗa a kan masu bin Yesu. Waɗansu su ce sun yar da hanyar iyayensu, waɗansu su ce addinin jiya-jiya ne, waɗansu kuwa su ce ba a san abin da suke yi a ɗakin taronsu ba. Kada ka yi tsammani wannan magana sabuwa ce. An faɗe ta tun zamanin Rumawa, an ma faɗi wadda ta fi ta muni, har wani malami ya tashi ya amsa ta a rubuce, ya aika wa Kaisar da kansa. Sunan malamin Yustinus. Ga labarinsa, domin ka ga yadda mai bi yake ba da amsa.

An haife shi wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu, a wani gari na ƙasar Samariya kusa da tsohon Shekem, wanda yau ake kira Nablus. Sunan ubansa Firiskus. Ko da yake a ƙasar Littafi aka haife shi, shi ba Bayahude ba ne. Gidansu na al'ummai ne, ilmin Helenawa kuma aka koya masa. Tun yana saurayi ƙishin sanin Allah ya kama shi, sai ya shiga bin malaman falsafa, watau masu binciken asalin abubuwa da hankali.

Ya fara zama wurin wani malami na Sitokiya. Da ya daɗe bai ji kome game da Allah ba, ya tambaya, sai ya tarar malamin bai sani ba, bai kuwa ɗauki sanin da muhimmanci ba. Ya koma wurin wani mabiyin Aristo, wanda bayan 'yan kwanaki ya kawo zancen kuɗin karatu. Yustinus ya raina wannan, ya tashi. Na uku, mabiyin Fitagoras, ya ce ba zai karɓe shi ba sai ya fara ƙware a kiɗa da ilmin taurari da na awo, abin da zai ci shekaru. Daga bisani ya sami wani mabiyin Aflatun, ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya zaci ba da daɗewa ba zai ga Allah da idon hankalinsa.

Yana cikin wannan hali, wata rana ya keɓe a bakin teku domin tunani, sai ya gamu da wani dattijo. Dattijon bai zage shi ba, bai kuwa zagi malamansa ba. Tambayoyi kurum ya yi ta yi masa a kan rai da kan Allah, har Yustinus ya ga iliminsa bai kai inda yake zato ba. Kana ya nuna masa annabawa, ya ce masa ya karanta su, ya roƙi Allah ya buɗe masa. Bai sāke ganin dattijon ba, ba mu kuwa san sunansa ba har yau.

Akwai wani abu kuma da ya riga ya taɓa zuciyarsa. Shi ma ya ji mugun labarin da ake bazawa a kan Kirista, cewa suna cin naman mutum, suna fasikanci a ɓoye. Amma da ya ga yadda suke fuskantar mutuwa ba tsoro, sai ya auna abin da hankalinsa: mutumin da jin daɗin jiki ne burinsa, yaya zai miƙa wuyansa ga takobi alhali kalma ɗaya ta musu za ta cece shi? Ka lura da wannan, ɗan'uwana. Mutanen da suka fara amsa wa Yustinus zarginsa ba malamai ba ne, ba su ma san yana kallonsu ba.

Ya tuba wajen shekara ta 130. Bai tuɓe mayafin da masu falsafa ke yafawa ba, wanda ake gane su da shi kamar yadda ake gane malami da rawaninsa, gama ya ce yanzu ne ya sami falsafa ta gaskiya. Bayan yaƙin Yahudawa da Rumawa na shekara ta 132 zuwa 135, wani Bayahude mai ilmi, Tarifo, ya gan shi da mayafin nan, ya tsai da shi. Suka kwana biyu suna muhawara a kan Attaura da kaciya da Asabar, da kuma ko zai yiwu a rataye Almasihu a bisa itace. Tarifo ya faɗi wata magana mai nauyi: ya karanta umarnan Linjila, ya ga kyansu, amma yana shakka ko akwai mai iya kiyaye su. Ba littafin ya zarga ba, masu riƙe da littafin yake tambaya. A cikin rubutun muhawarar akwai wuraren da Yustinus ya tsananta wa Yahudawa harshe fiye da kima, ba kuwa abin koyi ba ne. Duk da haka sun rabu lafiya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa fatan alheri, Tarifo kuwa bai tuba ba.

Daga baya ya zauna a Roma, ya buɗe makaranta a ɗakinsa. A wancan zamani sunan Kirista kansa laifi ne. Wajen shekara ta 112 Kaisar Tarajan ya rubuta wa Filini, gwamnan Bitiniya, cewa kada a bi Kirista ana farauta, kada kuma a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita. Amma wanda aka kawo, ya ƙi musu, a hukunta shi, wanda kuwa ya yi musu ya yi wa alloli sujada, a sake shi. Saboda haka duk mai jin haushin maƙwabcinsa Kirista yana da takobi a hannu.

Wajen shekara ta 155 Yustinus ya rubuta wa Kaisar Antoninus Fiyus, da 'ya'yansa, da majalisar dattawan Roma, doguwar takarda ta kāre masu bi. Ya sa sunansa da na ubansa da na garinsa a kanta, ya san kuwa abin da hakan zai iya jawo masa. Bai roƙi a ji tausayinsu ba. Bincike ya roƙa. Ya ce a bincika kowane Kirista kamar yadda ake bincika kowane mai laifi: in an same shi da kisa ko sata ko zina, a hukunta shi saboda aikinsa, in kuwa ba a same shi da kome ba, a sake shi. Har ya ƙara da cewa masu ɗauke da sunan Almasihu da ba su bin koyarwarsa, a hore su. Wanda gidansa ke da ɓoyayyen abu ba ya gayyatar alƙali haka.

Zargi mafi girma shi ne cewa Kirista ba su da allah, tun da ba su da gunki, ba su yin hadaya a haikali. In fari ko annoba ta zo, sai a ce su ne suka fusata alloli. Yustinus ya amince cewa game da gumaka, gaskiya ne, ba su da su. Gama masassaƙi da maƙeri ne ke yin su, wani lokaci ma daga tsohon kwano marar daraja, kana a sa mai gadi kada ɓarawo ya sace. Amma Mahaliccin sama da ƙasa, shi suke yi wa sujada. Ya tuna wa Kaisar cewa Sokratis, wanda Rumawa masu ilmi ke girmamawa, da irin wannan ƙara mutanen Atina suka kashe shi.

An ce kuma su maƙiyan sarauta ne, domin an ji suna zancen wani mulki mai zuwa. Ya amsa cewa da mulkin duniya suke nema, da sun yi musun sunansu su tsira da rai har su same shi. Ya ce suna biyan haraji da jangali a kan kari kamar yadda Ubangijinsu ya koya musu, suna yi wa sarakuna addu'a, sujada kaɗai suka keɓe wa Allah. Mutanen da suka gaskata babu abin da ke ɓoye ga Allah kuwa, su ne mataimakan sarki wajen zaman lafiya.

Game da zancen cin naman mutum da kashe fitila a yi lalata, Yustinus ya yi abin da ya fi kowace muhawara ƙarfi: ya buɗe ƙofa. Gani ya kori ji. Ya bayyana yadda mai son baftisma yake azumi da addu'a, 'yan'uwa suna yi tare da shi, kana a kai shi wurin ruwa a wanke shi cikin sunan Uba da na Yesu Almasihu da na Ruhu Mai Tsarki. Ya bayyana taron ranar Lahadi: mutanen birni da na ƙauye su taru wuri ɗaya, a karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe tsaye a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya, jama'a su amsa da Amin, a raba wa kowa, masu hidima su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Masu hali su ba da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaba domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. In ka taɓa zama cikin sujada, ka gane ta a nan, ko da yake fiye da shekara 1,800 sun shige. Ya kuma juya zargin: Rumawa sukan yar da jariran da ba su so, masu tsince su kuwa sau da yawa karuwanci suke renonsu dominsa, Kirista sun haramta wa kansu wannan. Ya ce zai iya nuna maza da mata 'yan shekara 60 da 70 da suka bi Almasihu tun ƙuruciya cikin tsarki, da mutanen kabilu dabam-dabam waɗanda dā ba su haɗa murhu, yanzu suna ci tare.

Sauran zargin da ya fi kama da wanda za ka ji: addinin sabo ne, shekara 150 kaɗai da haihuwar mai shi, to, kakanni fa? A nan Yustinus bai ce duk abin da na dā suka sani ƙarya ne ba. Ya koyar cewa Almasihu shi ne Kalman Allah tun fil azal, kowane ɗan adam kuwa yana da ƙwayar wannan Kalma a cikinsa. Saboda haka duk gaskiyar da wani mai hikima ya taɓa faɗa, daga wurinsa ta fito, sai dai gutsure ce, cikarta kuwa ta bayyana cikin Yesu. Mai bi ba ya bukatar zagin kakansa domin ya girmama Ubangijinsa.

Ba kowace hujjarsa ce ta tsaya ba, ya kamata ka sani. Ya ce Aflatun daga littattafan Musa ya ɗebo iliminsa, masana kuwa ba su yarda da wannan ba. Ya ce Rumawa sun kafa wa Siman mai sihiri gunki a tsibirin kogin Tibar. A shekara ta 1574 aka tono dutse mai rubutu a wurin, aka ga na wani tsohon allahn ƙasar ne mai suna Semo Sankus. Mai kāre gaskiya ma yakan yi tuntuɓe in ya yi gaggawa, abin da ya faɗa bisa ga ganin idonsa kuwa shi ne ya dawwama.

Takardar ba ta sāke doka ba. Wata mace a Roma ta tuba, ta yi ta haƙuri da miji fasiki, daga bisani ta rabu da shi. Don haushi ya kai ƙararta, ya kuma sa aka kama malaminta, Talamayus. Hakimin birni, Urbikus, tambaya ɗaya ya yi masa, ko shi Kirista ne. Da ya amsa, aka yanke masa hukuncin kisa. Wani mai suna Lukiyas ya tashi a wurin shari'ar ya ce wannan ba adalci ba ne, aka haɗa da shi, aka haɗa da na uku. Yustinus ya sāke ɗaukar alƙalami ya rubuta takarda ta biyu. A cikinta ya ce shi ma yana sauraron irin wannan, watakila ta hannun Kiriskis, wani mai falsafa da ke zagin Kirista a bainar jama'a. Yustinus ya taɓa yi masa tambayoyi, ya tarar bai san koyarwar da yake zagi ba, ya kuma nemi a maimaita muhawarar a gaban Kaisar.

Wajen shekara ta 165, a zamanin Kaisar Markus Aureliyus, aka kama shi tare da mutum shida, ɗaya daga cikinsu mace ce. Aka kai su gaban Rustikus, hakimin birni, wanda shi kansa mai falsafa ne, malamin Kaisar. Ya tambayi Yustinus inda suke taruwa. Ya amsa cewa kowa inda ya iya, gama wuri ba ya ƙunsar Allah; shi dai yana zaune a bisa wani gidan wanka, duk wanda ya zo wurinsa kuwa yakan koya masa. Rustikus ya tambaye shi ko yana zato in an yi masa bulala aka fille kansa zai hau sama. Ya ce ba zato yake yi ba, ya tabbata. Aka umarce su su yi wa alloli hadaya, su bakwai suka ƙi. Aka yi musu bulala, aka fille kawunansu, waɗansu masu bi suka ɗauke gawawwakin a ɓoye suka binne.

Littattafansa da yawa sun ɓace. Takardun nan biyu da muhawararsa da Tarifo sun iso gare mu ta wurin kwafi guda, wanda wani magatakarda ya rubuta da hannu da Helenanci a ƙarni na 14, yana kuwa ajiye a ɗakin littattafai na birnin Faris a ƙasar Faransa.