Sarkin Gumel Ahmadu: Sarauta a Bakin Iyaka

Duk lokacin da na ratsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na ji Hausa ɗaya a bakin fataken Nijeriya da na Nijar, sai Sarkin Gumel Ahmadu ɗan Abubakar ya faɗo mini a rai, domin a zamaninsa aka shata iyakar da ta raba su.

Ahmadu ya hau gadon sarauta a 1896, lokacin da masarautar ta rasa madogara. Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Barno take bi, ga shi Rabe ya rusa Kukawa tun 1893. Ta arewa Damagaram ta matsa mata da hare-hare, ta gabas kuma ga Haɗeja, tsohuwar abokiyar gaba. A 1899 sojojin Faransa suka kama Zinder, a watan Fabrairun 1903 na Ingila suka ci Kano. A wannan shekarar Ahmadu ya yi wa Turawan Ingila mubaya'a ba tare da yaƙi ba.

Wasu na ganin wannan gazawa ce, musamman in an tuna Sarkin Haɗeja Muhammadu, wanda ya ja daga har aka kashe shi a 1906. Ni dai ba na rage wa Muhammadu darajarsa, amma ina ganin Ahmadu ya auna ƙarfinsa ne, ya zaɓi ceton rayukan talakawansa. Garin bai ƙone ba, kuma sarautar ta tsaya a gidan, har ɗansa Muhammadu Nakota ya gaje shi a 1915.

Sai dai mubaya'ar ba ta ba shi bakin magana kan ƙasarsa ba. Rumawa da suka mamaye Birtaniya sun fara gina katangar Hadiriyan a shekara ta 122 don tsare iyakarsu ta arewa. Turawan namu ba su gina katanga ba. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 da 'yan turaku sun wadatar. Tumbi, mazaunin kakannin Ahmadu kafin a koma Gumel, ta faɗa ɓangaren Faransa.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da nake gani shi ne iyakar ta raba hukuma da harshen makaranta, amma ba ta raba harshen gida ba. Ya kamata masu yanke hukunci kan Ahmadu su fara tambayar kansu abin da za su yi da su ne a kan karagarsa a 1903.